Yadda ake zana taswirar tafiyar aiki, da misalin cinikin albasa a Tawa

Daga lokacin da mai saye ya bugo waya daga Kumasi ko Abijan yana son mota guda ta albasa, zuwa lokacin da kamiyo ya tashi da kaya, albasar nan takan bi hannu bakwai ko takwas: mai gida, magatakarda, wakilin da ke shiga ƙauye, dillali, masu tsinta, ƴan dako, direba. Idan kaya ya makara har ruɓa ta fara shiga buhu, ka tambayi kowane ɗayansu, zai ce maka shi ya yi nasa, kuma galibi gaskiya ya faɗa. Ɓarnar tana faruwa ne tsakanin hannu da hannu, inda ba na kowa ba ne. Amfanin taswirar aiki shi ne ta fito da wannan wurin a kan takarda guda, yadda kowa zai iya ɗora yatsa a kai.

Dabarar ta daɗe. A 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka hanyar zana matakan aiki da alamomi, a 1947 kuma ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: aiki, ɗaukar kaya, dubawa, ajiya, da jira. Tsarin da ya fi yaɗuwa yau a kamfanoni da ma'aikatu shi ne BPMN, wanda ya fito a 2004, aka sabunta shi zuwa 2.0 a 2011 ƙarƙashin OMG, ƙungiya mai tsara ƙa'idojin kwamfuta, ya kuma zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 19510 a 2013. Alamominsa suna da yawa ƙwarai, amma mangazar albasa ko shagon sari ko ƙaramin asibiti ba su buƙatar fiye da takwas zuwa goma.

Fara da shata iyaka

Kafin ka zana komai, rubuta jimla biyu a saman takarda: abin da ke tayar da aikin, da abin da ke nuna ya ƙare. A misalinmu, farko shi ne "mai saye ya nemi mota guda", ƙarshe kuma "kamiyo ya tashi da takardunsa cikakku". Noman albasar ba ya ciki. Karɓar cikon kuɗi bayan kaya ya isa Gana shi ma aiki ne daban mai taswirarsa. Wanda bai shata iyaka ba zai tsinci kansa yana zana tun daga dashe a fadamar Tamaske har rabon riba, takarda ta cika, ba a ga komai ba.

Zaɓi aiki ɗaya, wanda ake yawan maimaitawa kuma ake yawan kuka da shi. Aikin da ake yi sau ɗaya a shekara bai cancanci wahalar ba tukuna.

Bi oda ɗaya da ƙafarka

Nan ne mafi yawan taswira ke lalacewa tun ba a fara ba. Mutum ya zauna da mai gida a inuwa, mai gida ya faɗi yadda aikin ya kamata ya tafi, a zana shi tsaf, a rataye. Wannan hoton abin da ke zuciyar Alhaji ne. Abin da ake nema shi ne yadda aikin ke tafiya ranar kasuwa da rana tsaka, lokacin da wayar wakili ta mutu kuma ƴan dako suna wajen wani lodi.

Saboda haka ɗauki oda guda ta gaske ka bi ta daga farko har ƙarshe. Idan ba ka da kwanakin, ɗauki oda uku da aka gama a makon jiya, ka bi sawunsu cikin kaye na magatakarda, da saƙonnin WhatsApp, da rasit na kamfanin aika kuɗi, domin waɗannan suna ɗauke da rana da awa. Wajen kowane mai aiki tambayoyi huɗu sun isa: me ke zo maka, daga wa, me kake yi da shi, wa kake miƙa wa. Sannan ta biyar, wadda ta fi sauran amfani: idan abin bai zo daidai ba, me kake yi? Ka ce wa dattijon dillali, "Baba, in an buɗe buhu aka tarar da jiƙa a ƙasa, wa ake kira?" Amsar da zai ba ka wata hanya ce sukutum da ba ta cikin bayanin mai gida.

Ka tambayi kowa shi kaɗai, a wurin aikinsa. Yaron mangaza ba zai faɗi a gaban Alhaji cewa takarda takan kwana biyu cikin aljihun Alhaji ba. Ka kuma gaya musu tun farko cewa ba mai laifi ake nema ba, kuma ka cika wannan alkawari: a taswira ana rubuta sunan aiki, ba a rubuta sunan mutum.

Kayan aikin zagaye na farko ba su wuce babban kwali ko bayan buhun siminti da aka buɗe, da ƙananan takardu masu manne, da fensir ba. Bangon mangaza da alli ma ya wadatar. Kada ka buɗe kwamfuta a wannan mataki, domin abin da aka buga da kyau mutane sukan ji nauyin gyara shi, alhali kana so a matsar da takardu sau ashirin.

Alamomin da za ka yi aiki da su

Da'ira alamar aukuwa ce. Mai siririn layi ita ce farko, mai kaurin layi ita ce ƙarshe, mai layi biyu kuma abin da ke faruwa a tsakiya. Idan aka sa hoton ambulan a ciki, saƙo ne ya iso. Idan agogo ne, lokaci ake jira ya cika, kamar "bayan kwana biyu".

Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi shi ne aiki guda. Sunansa ya zama aikatau da abin da ake yi wa: "tsayar da farashi", "tsince ruɓaɓɓu", "ɗinke buhu", "ƙirga lodi". Idan ka rubuta "mangaza" ko "kuɗi" cikin akwati, ba ka faɗi abin da ake yi ba, kuma mutum biyu za su karanta shi ta hanya biyu. Aikin da ke da matakai da yawa a cikinsa, kamar haɗa takardun duwan, sa masa ƙaramar alamar tarawa a gindin akwatin, ka zana cikinsa a wata takarda. Shafi ɗaya kada ya wuce akwati 15 zuwa 20.

Kibiya mai cikakken layi tana nuna abin da ke bin wani. Kibiya mai tsinke-tsinke saƙo ce tsakanin ɓangarori biyu da ba mai gida ɗaya ke iko da su ba.

Masu tsarin suna raba shafi da abin da suka kwatanta da tafkin iyo da layukansa. A nan ya fi sauƙi a ce gona da kunyoyinta. Mangazar Alhaji gona ce guda, kowane mai aiki a cikinta yana da kunyarsa: ta mai gida, ta magatakarda, ta wakili, ta shugaban ƴan dako. Mai saye na Kumasi gonarsa daban, mai kamiyon haya ma daban. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce cikakkiyar kibiya tana iya tsallake kunya amma ba ta fita daga gona. Tsakanin gona da gona sai mai tsinke-tsinke. Dalilin a fili yake: kana iya cewa yaronka ya fara ɗinki da an gama tsinta, amma mai saye sai dai ka aika masa saƙo ka jira. Gonar baƙo kana iya barinta fayau ba akwati a ciki, tunda ba ka san abin da yake yi a ofishinsa ba. Saƙonnin da ke shiga da fita kawai za ka nuna.

Mararraba, inda kuskure ya fi yawa

Alamar mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininta ita ce mararraba. Iri biyu za ka fi buƙata. Mai alamar X a ciki tana nufin hanya ɗaya tak za a bi: kafin alƙalami ya shigo ko bai shigo ba. Rubuta tambayar a saman mararrabar, ka rubuta amsa a kan kowace kibiya da ta fita. Mai alamar tarawa tana nufin duk hanyoyin za a bi lokaci guda: ana zuba buhu, ana kuma neman kamiyo. Akwai ta uku mai da'ira a ciki, ta "ɗaya ko fiye", amma tana rikita masu karatu, kuma sau da yawa ana iya kauce mata.

Mararraba ba ta yin aiki. Ba ita ke duba albasa ba. Akwatin "duba buhu" ne ke zuwa da farko, mararrabar ta biyo baya ta raba hanya bisa abin da aka gani. Idan ka bar akwatin, ka ɓoye wani aiki da mutum ke yi da lokacin da yake ci.

Kuskure biyu ne suka fi kashe taswira, kuma dukansu daga haɗa hanyoyi suke. Idan ka raba da X ka haɗa da alamar tarawa, aikin zai tsaya har abada, domin mahaɗar tana jiran hanyoyi biyu alhali ɗaya ce kawai aka bi. Idan ka raba da alamar tarawa ka haɗa da X, abin da ke gaba zai gudana sau biyu, kamar a ce magatakarda ya rubuta faktir lokacin da aka gama ɗinki, ya sake rubuta wata lokacin da kamiyo ya iso. Irin da ka raba da shi, da shi za ka haɗa.

Sai kuma amsoshin da ba su cika ba. An rubuta "ya biya duka" da "bai biya ba", aka manta wanda ya turo rabi, wanda a cinikin albasa shi ne ya fi yawa. Haka kuma jira marar iyaka: "jiran kafin alƙalami" ba tare da agogo ba. Har yaushe? In kwana biyu suka wuce, ana sake kira ne, ko ana sayar wa wani? Idan ba wanda ya san amsar a mangazar, to ka gano abu na farko da za a gyara, tun kafin ka gama zane.

Gwada ta da tsakuwa

Tara masu aikin a gaban zanen. Ɗauki tsakuwa ka aza a da'irar farko, kamar ɗan dara, ka ce wannan ita ce odar makon jiya. Kowa ya matsar da ita idan ta shigo kunyarsa. A mararrabar X tsakuwa ɗaya ce ke wucewa. A ta tarawa sai ka ƙara wata, su tafi biyu, kuma a mahaɗa dole su jira juna kafin su koma ɗaya. Taswirar ta yi daidai idan duk tsakuwar da ta shiga ta kai wata da'irar ƙarshe, ba wadda ta maƙale a hanya. Yi haka da oda mai sauƙi, sannan da wadda ta ba da wahala: wadda mai saye ya sauya adadi, da wadda kamiyo ya lalace kafin ya iso Tsarnawa. Duk inda wani ya ce "ai ba haka muke yi ba", tsaya nan ka gyara. Ƙarshe ma ba lallai ya zama ɗaya ba: "kaya ya tashi" ƙarshe ne, "an fasa ciniki" shi ma ƙarshe ne, kowanne da da'irarsa.

Sa lokaci a kan zanen

Taswirar da ba lokaci a kanta ado ce kawai. A ƙarƙashin kowane akwati rubuta tsawon lokacin da hannu ke kan aikin. A kan kowace kibiya, da jan alƙalami, rubuta tsawon lokacin da kaya ko takarda ke zaune kafin na gaba ya taɓa. BPMN ba ta tilasta maka wannan na biyun ba, kuma a nan tsohon tsarin 1947 ya fi ta gaskiya, tunda ya ba jira alamarsa ta kansa. Ka ƙara shi da hannunka.

A ɗauki lissafi na misali. A ce tsayar da farashi ya ci rabin awa, saye a ƙauye awa 6, tsinta da zuba buhu awa 8, lodi awa 4, takardu awa ɗaya da rabi. Jimilla awa 20. Amma daga kiran farko zuwa tashin kamiyo kwana 6 ne, wato awa 144. Aikin hannu bai kai kashi 14 cikin ɗari ba. Sauran awa 124 jira ne, har da darare: jiran kuɗi, jiran ƙaramar motar da za ta kwaso daga gona, jiran kamiyo, jiran sa hannu. Wanda ya ga wannan zai daina matsa wa ƴan dako su yi sauri. Ko sun rage lodi da rabi, awa 2 aka samu cikin 144. A zafin Afrilu da Mayu, albasar da aka riga aka ɗinke cikin buhu ba ta shan iska kamar wadda ke shimfiɗe cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, don haka kwana biyu na jiran kamiyo bayan ɗinki sun fi kwana biyu na jiran kuɗi kafin saye tsada nesa ba kusa ba. Ka yi wa irin wannan jiran alama ta musamman.

Kada ka dogara da oda ɗaya. Auna biyar zuwa goma, ka rubuta mafi gajarta da mafi tsawo tare da matsakaici. Matakin da yau yake cin awa ɗaya gobe kwana biyu ya fi wanda kullum yake cin awa biyar ɓarna, domin ba a iya tsara komai a bayansa.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da John Little ya tabbatar a 1961: yawan aikin da ke cikin hannu daidai yake da yawan da ke shigowa a rana sau kwanakin da kowanne ke yi. Idan oda 2 ke shigowa kullum kuma a kowane lokaci akwai 10 da ba a gama ba, to kowace tana yin kwana 5 a matsakaici. Da wannan za ka iya gane ko lokutan da aka gaya maka gaskiya ne, ta hanyar ƙirga odar da ke buɗe cikin kaye kawai.

Karanta taswirar

Ƙirga sau nawa kibiya ta tsallake daga kunya zuwa kunya. Kowane tsallake wuri ne da bayani kan iya faɗuwa. Nemi kibiyar da ta koma baya: buhun da aka farke aka sake tsinta, takardar da aka mayar don lambar mota ba daidai ba. Rubuta sau nawa cikin goma hakan ke faruwa. Dubi kunyar da tsakuwa ke yawan komawa. A kasuwancin gida kusan kullum ta mai gida ce: shi ke tsayar da farashi, shi ke ba da izinin fitar da kuɗi, shi ke sa hannu, kuma ranar da ya tafi ɗaurin aure Madawa komai ya tsaya. Wannan ba aibinsa ba ne, haka harkar ta taso tun tana ƙarama, amma zanen zai nuna masa abin da ba wanda zai iya faɗa masa da baki.

Dubi kuma inda ake rubuta abu ɗaya sau biyu ko uku: adadin buhu a kayen wakili, a kayen mangaza, a takardar direba. Idan uku suka saɓa, wanne ne gaskiya?

Zana ta biyu

Sai yanzu za ka zana yadda ake so aikin ya koma, a takarda daban, ta farko tana rataye kusa. Ga kowane akwati tambayi ko za a iya cire shi, ko haɗa shi da na kusa, ko sauya masa wuri, ko yin sa tare da wani. A misalinmu gyara huɗu sun fito da kansu. Neman kamiyo ya fara da zarar kafin alƙalami ya shigo, ya tafi kafaɗa da kafaɗa da saye, kuma kada a ɗinke buhu sai direba ya tabbatar da ranar isowa. Tsinta ta koma gona kafin a biya manomi, don kada a biya kuɗin mota a kan ruɓaɓɓiya. Magatakarda ya sami izinin fitar da kuɗi har zuwa wani adadi na jaka da mai gida ya yanke, abin da ya haura sai an kira shi. Kowace oda ta sami lamba ɗaya da za ta bi ta a kaye, a saƙo, a faktir, a jikin buhu.

Kada a aiwatar da huɗun rana ɗaya. Fara da wanda ya fi rage jiran da ka rubuta da jan alƙalami kuma ba ya cin kuɗi, a gwada shi a oda goma, a sake aunawa da irin ma'aunin farko. In an sauya komai lokaci guda aka ga ci gaba ko koma baya, ba za a san wanne ya jawo ba. A kuma lura da gyaran da ke tura jira zuwa wani wuri: idan kamiyo ya riƙa isowa kafin kaya ya haɗu, direba ne zai zauna, kuma zaman nasa ma da kuɗinsa.

Game da kwamfuta, bayan an amince da zanen takarda: draw.io kyauta ne, yana da alamomin BPMN, kuma akwai nau'insa da ake sa wa kwamfuta ya yi aiki ba intanet, abin da ke da muhimmanci inda layi ke yankewa. Camunda Modeler shi ma kyauta ne, kuma ba ya barin ka ja cikakkiyar kibiya daga gona zuwa gona, don haka yana koyar da mai koyo ƙa'ida. Rubuta sunayen akwatuna da harshen da masu aikin ke magana da shi. In hukuma ko banki na son ta Faransanci, a yi musu tasu daban, amma wadda za a liƙa a bangon mangaza ta zama da Hausa, da manyan baƙaƙe.

A kusurwar kowace taswira sa ranar da aka zana ta da aikin wanda ke kula da ita. Ta lokacin girbin albasa, sa'ad da ta cika kasuwa daga Galmi har Keita kuma kamiyo ke wuya, ba za ta yi daidai da ta damina ba, lokacin da daga rudu ake fitar da kaya kuma tsinta ce ke cin mafi yawan lokaci. Idan yanayi ya juya, a sauko da kwalin, a kira masu aikin, a sake bin sa da tsakuwa.